Na rubuta sunan Yayana a gindin ƙwarangwal

Daga admin: wani ɗan'uwa ne ya turo wannan, ya roƙi a sakaya sunansa. A ba shi shawara cikin hankali, ban da zagi.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah, don darajar iyayenku, ku daure ku karanta har ƙarshe ku ba ni shawara, yau Laraba, kuma daga nan zuwa jibi Juma'a kaɗai nake da lokaci. Na daɗe a zauren nan ina karanta matsalolin mutane ban taɓa cewa uffan ba, wani lokaci har dariya nake yi, yau ga shi ta zo kaina. Na san in kun ji farkon maganar wasunku za su yi dariya, ku yi abinku, ni ma da kan wani ta faɗa da na yi. Amma ku sani ƙafar yayana ce take ruɓewa a ɗaki yanzu haka, ya ƙi zuwa asibiti, kuma ni ne sanadi.

Ni mai gyaran waya ne da agogo, ina da ɗan shago kusa da tasha a Kaura, asalinmu kuwa Zurmi ne, can mahaifiyarmu take zaune, Inna muke ce mata. Ni ne auta. Yayana, bari in kira shi Garba duk da ba sunansa ke nan ba, ya girme ni da shekara goma sha biyu, direba ne, tsakanin Kaura da Shinkafi yake jigila tun ban san hanya ba. Dogo ne siriri, abokansa na tasha har Ƙashi-zalla suke ce masa, shi kuma ya ce ai ƙashi ne ke ɗaukar nama. Ina aji biyu a sakandare Babanmu ya rasu, tun daga ranar Yaya ne ubana. Shi ya ƙarasa min makaranta, shi ya kai ni wurin koyon gyara, shi ya tsaya min a aurena, ban taɓa jin ya goranta min ko sau ɗaya ba.

Tun ina ƙarami hannuna ba ya zama. In an yi ruwa sai in tafi bakin rafi in kwaɓa laka in yi shanu da raƙuma da mutane, in jera su a bayan rumbu, har yara na zuwa kallo. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ina firamare, lokacin jihar ma ba ta daɗe da samuwa ba, ko'ina wa'azi ake yi, kowa na gyara gidansa, masu manyan motoci na goge zanen mutane da ke jikin bodi. Wata ranar Juma'a Baba ya dawo daga masallaci ya zagaya bayan rumbu ya tattake min su duka da takalmi, ya ce ba a ajiye masa gumaka a gida. Na yi kuka kamar an yi mutuwa. Washegari Yaya ya zo min da ƙananan gwangwanayen fenti guda uku, ragowar na mota, ya ce in riƙa yin motoci da gidaje tunda su ba su da rai. Shi ne mutum na farko da ya taɓa ɗaukar wannan abin nawa da daraja.

Tsoron maganar Baba bai sake ni ba har na girma, ban ƙara yin siffar mai rai ba. Sai dai akwai wata magana da na ji a wurin karatu tun ina saurayi ta zauna min a kai, malamin yana bayanin hukuncin siffofi, ya ce in an cire wa siffa abin da rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi, kamar kai, ko aka huda cikinta, to wasu malamai sun sassauta. Haka ni na fahimta, in na fahimta ba daidai ba masana ku gyara min, amma ku riƙe wannan maganar don ita ce ta kai ni ga abin da nake ciki.

Shekara huɗu da suka wuce wani ɗan bautar ƙasa daga kudu da aka turo wata sakandare ya kawo min gyaran waya, a cikin hotunansa na ga wasu ƙananan sojoji an jera a tebur, da duwatsu da bishiyoyi na ƙarya. Na tambaye shi, ya ce wasa ne, kamar dara amma na yaƙi, kowa ya haɗa rundunarsa, ana auna tafiyar soja da tef irin na tela, a jefa ɗan lido a ga wanda ya yi nasara a karo. Yana da 'yan sojojin roba da wani ɗan'uwansa ya aiko masa daga waje, masu doki da masu baka, kowanne bai kai gaɓar ɗan yatsa ba. Ya koya min muka buga, wallahi ranar ko abincin rana ban ci ba. Da zai tafi ya bar min sojojin da takardun dokokin wasan, na ba wa wani abokina malamin makaranta ɗan Shinkafi sojojin, shi ne abokin wasana har yau, wata-wata yake zuwa mu buga a shago bayan la'asar. Ni kuma na ce zan ƙera tawa rundunar da hannuna.

A cikin takardun akwai runduna iri-iri, ta mutane, ta dodanni, sai ta matattu, wato ƙwarangwal da suka tashi da makamai. Da na gani sai na ce alhamdulillahi, ga mafita. Ƙwarangwal ba shi da ciki, ba shi da nama, ba shi da ido, babu yadda za a yi ya rayu, ke nan ban yi siffar mai rai ba. Jama'a ku duba min wannan wautar. Saboda tsoron Allah na zaɓi matattu, ban tsaya na yi tunanin yadda abin zai kasance a idon wanda bai san wasan ba. Gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Ga yadda nake yin su, ku yi haƙuri da tsawon bayanin don kowane abu a ciki ya dawo ya cije ni. Siririyar wayar tagulla nake warewa daga caza da ta ƙone, in lanƙwasa ta da hantsaki ta zama ƙashin baya da hannu da ƙafa, in shafe da danƙon nan mai haɗi biyu da na cakuɗa da garin alli. Haƙarƙari da zare nake yi, kai kuma da ƙaramin dutsen ado. In ya bushe in wanke shi da ruwan ganyen shayi don ya yi kalar tsohon ƙashi. Mashi da allurar ɗinki nake yi, babu abin da ya kai ta dacewa. Tsummokaran da ke jikinsu kuwa ƙyallen farin yadi ne da nake tsinta a shagon telan da ke gefena, shi kuma yadin likkafani yake sayarwa, ban taɓa kawo komai a raina ba. Kowane soja ina tsayar da shi a kan ɗan guntun katin da ake ɓalle sim daga jiki, kuma saboda kada ya karye, sai in huda ƙafa ɗaya in soka guntuwar allura ta ratsa har cikin katin. Duk sojojina sittin da uku haka na yi musu, babu wanda ba shi da allura a ƙafa.

Sai maganar ƙasa. Ana barbaɗa rairayi a kan katin don ya yi kamar soja na tsaye a fili, kuma sai mai laushi sosai, na kan hanya ya yi musu girma kamar duwatsu. Wata rana da damina mun dawo daga jana'izar wani maƙwabci, na ga inda ruwa ya wanko wani lallausan rairayi ya tara a gindin katangar maƙabarta, ta waje, ina ƙara faɗa ta waje. Washegari na koma da leda na ɗebo. Ni a lokacin laushinsa kawai na gani.

Na ƙarshe shi ne suna. Sauran sojojin lamba kawai nake sa musu a ƙarƙashin kati don in gane rukuninsu, amma kwamandan rundunar na ɓata wata guda a kansa, na yi shi dogo ya fi kowa, na naɗa masa rawani da jan zare, ƙafar dama a kan dutse, ta hagu a ƙasa, don haka a ta hagun allura ta shiga. Da na gama na juya katin na rubuta sunan Yaya da inkiyarsa ta tasha. Abokina ya tambaye ni dalili na ce tsokana ce, ai shi ne Ƙashi-zalla. Wannan shekara biyu ke nan, lokacin Yaya lafiyarsa ƙalau yana ta jigilarsa.

Bara aka gano Yaya na da ciwon suga. Ba mai son magani ba ne, sai na tsaya a kansa yake sha. Wata uku da suka wuce ƙusa ta soke shi a tasha, a ƙafar hagu, bai ma ji ba sai da ya ga jini a takalmi, wurin ya ƙi warkewa ya zama gyambo. Tun lokacin ake ta surutu a dangi cewa wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, direba mai farin jini ba ya rasa maƙiya, ni kaɗai nake cewa suga ne a je asibiti. Da ƙyar na kai shi Gusau, likita ya duba ya ce yatsu biyu sun mutu sai an cire, in an yi da wuri ƙafar za ta tsira, in an yi jinkiri abin zai hau sama, in ya shiga jini kuma sai dai addu'a. Na yi ta lallashi har Yaya ya yarda, aka sa mana ranar Litinin. Inna ta zo daga Zurmi don ta bi mu, ta sauka a gidana.

Ranar Lahadi, kwana goma ke nan yau, da hantsi ina shago, Inna na neman allura za ta ɗinke bakin zanenta. Matata na wanki a tsakar gida ta ce ta duba kan kwaba. A kan kwabar akwai gwangwanin biskit babba, kun san duk gidan da kuka ga irin wannan gwangwani zare da allura ne a ciki, to nawa rundunar matattu ce a ciki, na shimfiɗa su a kan auduga. Matata ta ce ita dai salati ta ji. Da ta shigo ta tarar Inna ta ɗauko dogon tana juya shi, ta ga rubutu a ƙasa, Inna kuwa ba ta karanta boko, ta miƙa wa matata ta ce, “Ke, karanta min, mi anka rubuta nan?” Matata ta san wasan, ta sha ganina ina yi har tana min tsiya wai na girma ban san na girma ba, bai zo mata a rai ba ta karanta sunan da ƙarfi. Inna ta rufe gwangwanin ta sa a mayafi ta fita ko takalmi ba ta sa daidai ba.

Gidan Baffa ta nufa, ƙanen Babanmu, shi ne babba a dangi yanzu kuma gidansa na jikin na Yaya. Aka aiko in zo. Na tarar an baje sojojina a kan tabarma a zaure, maza biyar na dangi sun kewaye su babu mai taɓawa, an ware kwamandan gefe guda. Na fara dariya ina cewa ai wasa ne, na duba na ga ni kaɗai nake yi. Na ce a kawo Alƙur'ani in rantse ban yi wa ɗan'uwana komai ba. Baffa ya ce to, in yi alwala, amma shi zai yi tambaya ni in ba da amsa, kada in ƙara kada in rage. Na ɗora hannu. Ya ce, “Kai kay yi wanga abu da hannunka?” Na ce ni ne. Ya ce, “Sunan ga da a ƙasa, rubutunka na?” Na ce nawa ne. Ya tambayi yadin, na ce ragowar na likkafani ne daga shagon tela. Ya tambayi ƙafar da allura take, na ce ta hagu. Sannan ya murza rairayin da yatsa ya ce, “Ina kaɗ ɗebo ƙasag ga?” Jama'a hannuna na kan Littafin Allah, me zan ce? Na faɗi gaskiya. Na ji Inna ta fashe da kuka daga bayan ƙofa, Baffa ya janye Alƙur'anin daga ƙarƙashin hannuna ya ce ya isa, ba sai na ƙara ɗaukar wa kaina zunubi ba.

Wallahi ba na ganin laifinsu. Siffar mutum, da sunansa, da allura a daidai inda yake ciwo, da jan zare, da likkafani, da ƙasar maƙabarta, a ɓoye a gwangwani. Ko ni aka kawo wa wannan a kan wani zan ce biri ya yi kama da mutum. Na nuna musu sauran sittin da biyun duk da allura a ƙafa, Baffa ya ce to su waye sauran, ashe ba mutum ɗaya na ɗaure ba. Na buɗe waya na nuna musu bidiyon Turawa na buga irin wasan, tsautsayi wanda ya fara fitowa wani mai gemu ne da zanen ƙoƙon kai a hannu, ɗaya daga cikin dangi ya ce ga shugaban ƙungiyar tasu nan. Na kira abokina ya taso daga Shinkafi da nasa sojojin da tef da 'ya'yan lido, ya shimfiɗa zai gwada musu yadda ake yi, yana jefa ɗan lidon Baffa ya ce wannan ai duba ne, abokin ɓarawo kuma ɓarawo ne, ya tattara ya fita masa daga zaure. Ko da na ce ƙwarangwal na zaɓa don gudun haramun, sai aka ce yanzu kuma da addini zan kare tsafi.

Litinin ta zo ta wuce ba a je Gusau ba. Yaya ya daina shan maganin suga, ya ce tunda an gano inda ciwon yake me zai yi da ƙwaya, kuma duk wuƙar da likita zai sa a banza ce matuƙar allurar na nan a soke, in an yanke yatsu abin zai koma gaba. Ana ta yi masa tofi da hayaƙi da wani ganye da ake dakawa a ɗaura. Na ce to a ba ni in zare allurar yanzu-yanzu a ƙona su duka, na yafe wahalar shekara uku, Baffa ya ce zarewa ba ta da amfani sai wanda ya ɗaure ya amsa da bakinsa ya tuba, in ba haka ba zan koma in sake wani ne kawai. Kafin wani ya ce a ɗauke shi da ƙarfi, na gwada, na zo da mota har ƙofar gida, matarsa ta tsaya a bakin ƙofa, shi kuma daga ciki ya ce ba ya shiga motar da na kawo. Mutum ne babba da hankalinsa, ba buhun gero ba ne da zan saɓa a kafaɗa.

Na je wurin limamin unguwarmu na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya yarda ba sihiri na yi ba, wauta ce na tafka wadda ba ta da misali, kuma ya ce kada in kuskura in amsa aikin da malamai ke kira kafirci alhali ban yi ba. Ya je da kansa ya yi wa Yaya nasiha a kan asibiti, Yaya ya gaishe shi da ladabi ya saurara, da ya gama ya juya fuska bango. Baffa ya raka liman waje yana ce masa shi bai ga abin da suka gani ba ne, ruwa ba ya tsami banza.

Jiya Talata aka bar ni na shiga wurinsa, karo na farko cikin kwana tara. Tun daga zaure na ji warin. Baƙin da ke yatsu biyu ya wuce tsakiyar ƙafa, ƙaurin ya kumbura yana sheƙi, jikinsa da zafi, mutumin da dama ba nama gare shi ba yanzu sai idanu. Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Na ɗauka zai zage ni, da ya zage ni ma da ya fi min sauƙi. Sai ya ce, “Auta, mi niy yi maka?” Na ce Yaya wallahi babu, wasa ne, kai ka kawo min fenti na farko ka manta? Ya ce bai manta ba, shi ya sa abin ya fi yi masa ciwo. Sannan ya ce, “Ni ban riƙe ka ba, aikin Shaiɗan na, shina shiga tsakanin ɗiyan ciki guda. Ka dai amsa gaban dangi ran Juma'a, ka zare abin ga da hannunka, na yahe maka duniya da lahira. In kay yi haka, ko Sakkwato kac ce mu tahi sai in bi ka, su yanke abin da za su yanke.”

Na fito na kira likitan na kwatanta masa yadda ƙafar take. Ya ce maganar yatsu ta wuce, yanzu ƙoƙarin da za a yi shi ne a tsaya a ƙasan gwiwa, kuma zazzaɓin nan ba ya son jinsa, kowace kwana da aka ƙara ana wasa da ransa ne. Na roƙi Baffa a matso da zaman zuwa yau, ya ce sai 'yan Zurmi da na Moriki sun iso don a gaban kowa za a yi.

To ga inda nake. In na tsaya a kan gaskiyata ranar Juma'a, na san Yaya, ba zai tashi daga gadon nan ba sai dai a ɗauke shi, kuma duk wanda ya zo gaisuwa zai nuna ni ya ce ga wanda ya kashe shi ya ƙi kwancewa. In kuma na amsa, na faɗa da bakina a gaban shaidu cewa ni matsafi ne, a garin da kowa ya san abin da wannan kalmar ke ja. Za a tambaye ni bokan da ya ba ni aikin, sai na ƙago wani, ƙarya ta haifi ƙarya. Surukina ya riga ya aiko cewa in ta tabbata zai zo ya ɗauki 'yarsa don ba ta zama da mushiriki, ita kuma tun ranar ba ta daina kuka ba tana cewa bakinta ne ya jawo. Shago ma an fara zuwa ana karɓe wayoyi ba a gyara ba. Kuma in an yi aikin ya samu sauƙi, ba za a ce likita ba ne, za a ce ai da ya zare allurar ne, shi ke nan ta tabbata har jikoki. Inna ta zo min da safen nan ta riƙe hannuna, ban san ko ta yarda da ni ko ba ta yarda ba, abin da ta ce kawai shi ne, “In ka yi ka amsa, in ba ka yi ba ka amsa, Allah Shi na gani. Kak ka bari in rufe ɗana.”

Duk wannan zan iya ɗauka, shagon da sunan da komai. Abin da ke tsaya min a wuya guda ɗaya ne, kuma ban faɗa wa kowa ba sai ku. Ba don tsokana na sa wa kwamandan sunansa ba. A dokar wasan, rundunar matattu ba kamar sauran ba ce, su ba sa tsoro ba sa gudu, amma duk ƙarfinsu a jikin kwamandansu yake, ranar da ya faɗi kowa zubewa yake yi ya koma tarin ƙashi. Da na karanta wannan wurin Yaya ne ya faɗo min a rai, domin kuwa haka gidanmu yake tun ranar da aka binne Baba. Mu ba mu saba faɗa wa juna irin wannan magana ba, ban iya kallon idonsa in ce masa kai ne ke riƙe da mu ba, shi ne na rubuta a ƙarƙashin kati inda na ɗauka babu mai gani. Jiya na so in faɗa masa, na ga in na faɗa yanzu zai zama kamar dabarar mai neman kuɓuta, na haɗiye.

Don Allah masu ilimi da masu hankali ku ce wani abu. Ya halatta in amsa sihirin da ban yi ba don a ceci ransa, ko kuwa na rusa addinina da bakina? Akwai wata hanya ta uku da ruɗewa ta hana ni gani, wadda za a iya yi cikin kwana biyu? Kada wanda ya ce min in bari gaskiya za ta yi halinta, na sani za ta yi, amma ƙafar ba za ta jira ta ba. In na yi shiru zan rasa shi ina mai gaskiya. In na amsa zai rayu, ya yafe min kamar yadda ya yi alkawari, ya riƙa zuwa shagona da sanda muna gaisawa, kuma har ya koma ga Allah yana ganin yaron da ya raina kamar ɗansa ne ya soka masa allura. Ni dai a yanzu zuciyata ta fi karkata ga in amsa. Idan kuskure zan yi ku tsayar da ni kafin jibi.